Me ke kayar da matasanmu a intabiyu: kunya, Turanci, ko rashin uwa a gindin murhu?

Baban Khalil, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta daɗe tana damuna, kuma ina roƙon a tattauna ta da natsuwa, domin ta shafi 'ya'yanmu da ƙannenmu. Aikina shi ne kula da sha'anin ma'aikata a wata masana'anta mai zaman kanta a Sharaɗa, saboda haka duk lokacin da za a ɗauki sababbin ma'aikata ina cikin masu zama a kwamitin tantancewa. Abin da na lura da shi shi ne, da yawa daga cikin matasanmu suna cin jarrabawar rubutu da maki mai kyau, wani lokaci ma su ne a kan gaba, amma da zarar an zo ganawar baki da baki sai su zube.

Za ka tambayi yaro abin da ya yi a shekarar da ya yi wa ƙasa hidima, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ɗan koyar a wata makaranta, daga nan ya yi shiru. Sai ka yi ta bin sa da tambaya kafin ka gano cewa shi kaɗai ne malamin lissafi a makarantar baki ɗaya, shi ya riƙe 'yan aji ukun ƙarshe, shi ya shirya su jarrabawar WAEC, har da darasin yamma da babu wanda ya biya shi ko sisi. Duk wannan yana cikinsa, amma a ganinsa faɗinsa yabon kai ne, kuma tun yana ƙarami ake gaya masa yabon kai jahilci. To amma kowane ɗan kwamiti takarda ce a gabansa, da tambayoyi iri ɗaya ga duk mai nema, kuma abin da ya fito daga bakin mutum shi ake ba wa maki. Ni ina iya haƙuri in tono abin da ke cikin yaro saboda na san tarbiyyar da ya taso a cikinta, amma abokin aikina da ya zo daga Legas zai ɗauka bai san komai ba ne, ko kuwa aikin bai dame shi ba. Ra'ayina shi ne, muna tura yaranmu gasar da ba mu koya musu dokokinta ba, kuma gyaran wannan yana hannunmu, ba sai mun jira gwamnati ba.

Ɗan Funtuwa

Wa alaikumus salam. Yaya, na karanta bayaninka da kyau, kuma ban musa cewa akwai masu kunya a cikinmu ba. Amma da girmamawa nake cewa ka fara labarin daga tsakiya. Kafin a yi maganar yadda mutum zai amsa tambaya a gaban kwamiti, sai an kira shi tukuna, kuma yawancinmu ba a taɓa kiranmu ba. Na gama digiri a fannin tattalin arziki, na yi hidimar ƙasa, kuma tun daga lokacin nake cike fom a intanet ba tare da ko saƙon ban haƙuri ba.

Mu tuna abin da ya faru ranar 15 ga Maris 2014, lokacin da Hukumar Shige da Fice ta tara sama da rabin miliyan na masu neman aiki a filayen wasa a faɗin ƙasar nan, kowa ya biya naira 1,000, ana neman cike gurabe ƙasa da 5,000, aka yi turmutsitsi a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin, mutane suka rasa rayukansu. Kunya ce ta kashe su? A 2023 kuma Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gagdi don binciken sayar da guraben aiki a hukumomin tarayya, kuma duk mun ji shaidar da aka bayar a bainar jama'a cewa ana biyan miliyoyin naira don a sami takardar kama aiki. Ga kuma bankunan da ke cewa kada mai nema ya wuce shekara 26 ko 27, alhali yajin aikin ASUU na 2020 ya cinye mana wata tara, na 2022 ya cinye wata takwas. Idan aka ce laifin na kunyarmu ne, sai in ji kamar an ɗauke nauyin daga kan masu laifi an ɗora wa wanda aka zalunta.

Alhaji Mai Ritaya, Kaduna

Ɗana na Funtuwa, maganarka gaskiya ce, kuma ni da na ƙare rayuwar aikina a gwamnati ba zan tsaya ina kare abin da na san yana faruwa ba. Ƙa'idar Hukumar Raba Daidai, wadda aka kafa a 1996 don aiwatar da abin da yanzu yake sashe na 14 na kundin tsarin mulki, ita ce a tallata gurabe a jaridun ƙasa aƙalla biyu, a ba mutane mako shida su nema. Ɓarnar tana shigowa ne ta ƙofar sahalewar da ake ba hukumomi su ɗauki ma'aikata ba tare da talla ba, da sunan gurabe kaɗan ne ko maye gurbin waɗanda suka yi ritaya ne. Da zarar an rufe ƙofa haka, sai jerin sunaye ya fara zuwa daga manya. Wannan ciwo ne, kuma ya kamata mu ci gaba da yi wa wakilanmu magana a kansa.

Sai dai ina so ka raba abu biyu. Baban Khalil yana magana ne a kan kamfani mai zaman kansa, inda mai dukiya yake asara idan ya ɗauki wanda bai iya aiki ba. A can ma ana alfarma, amma tana da iyaka, domin babu mai masana'antar da zai miƙa injinsa ko littafin kuɗinsa ga ɗan abokinsa da bai san aikin ba, ya zauna yana kallo ana ɓarna.

Akwai kuma tarihin da ya kamata matasa su sani, don su gane inda wannan shirun ya samo asali. A zamanin Sardauna, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta ɗauki manufar cike ma'aikatu da 'yan Arewa, masu ilimin boko sun yi ƙaranci ƙwarai, har ya zama aiki ne ke neman mutum. Ana horar da mutane a makarantar koyon aikin mulki da ke Kongo a Zariya ana tura su ofisoshi kai tsaye. Ko a namu zamanin, wanda ya biyo bayan wannan, kafin ka gama hidimar ƙasa sau da yawa ka san inda za ka. Iyayen da suka taso a haka ba su taɓa koyon tallata kansu ba, saboda haka ba su da abin da za su koya wa 'ya'yansu a kai. Zamanin ya wuce, tarbiyyar ta zauna.

Malam Abu Sumayya, Zariya

Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Ina so in taɓa ɓangaren addini, domin na sha jin ɗalibai suna kafa hujja da shi wajen yin shiru. Suna kawo hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Abdurrahman bin Samura kada ya nemi shugabanci, domin wanda aka ba shi saboda ya roƙa za a bar shi da shi, wanda kuwa aka ba shi ba tare da roƙo ba za a taimake shi. Hadisin ingantacce ne, amma yana magana ne a kan kwaɗayin mulki. A ɗaya gefen, a Suratu Yusuf aya ta 55, Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce wa sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya kuma faɗi dalili da bakinsa, cewa shi mai tsarewa ne, masani. Malaman tafsiri sun ciro daga nan cewa ya halatta mutum ya ambaci abin da ya iya idan ba a san shi ba kuma akwai buƙata. A Suratul Ƙasas aya ta 26 kuma, ɗaya daga cikin 'yan matan nan biyu na Madyana ta ce wa mahaifinta ya ɗauki Annabi Musa aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce. Iyawa da amana ke nan, kuma har gobe su ne abin da kowane kwamiti na gaskiya yake nema.

Abin da addini ya hana shi ne ƙarya, kuma a nan ne nake ganin mun juya abin. Yaron da yake jin nauyin faɗin aikin da ya yi da hannunsa, shi ne kuma wani zai ba shi shawara ya je kotu ya yi rantsuwa ya rage shekarunsa, ko ya rubuta cewa ya yi aiki a wurin da bai taɓa takawa ba, ya kuma yarda. Wannan ne wurin jin kunya. Haka shi ma wanda ke zaune a kwamiti amana ce a wuyansa, kuma idan ya ture wanda ya cancanta ya ɗauki nasa, zai amsa tambaya a inda babu alfarma.

Malama Ummu Hanan, Gusau

Ni malamar Turanci ce a makarantar sakandare, kuma da izinin manya ina ganin an ba kunya fiye da rabonta a wannan muhawara. Yaron nan da yake sunkuyar da kai a gaban kwamiti, ku same shi a majalisa da yamma yana bayanin siyasa ko ƙwallo da Hausa, za ku ga babu alamar kunya a tare da shi. Abin da ke ɗaure masa harshe tsoron kuskure ne a Turanci. Yana karantawa, yana rubutawa, ya ci jarrabawa da shi, amma bai saba furta shi na minti biyar a jere ba, saboda a yawancin makarantunmu malami ne ke magana, ɗalibi yana kwafa daga allo. Sannan an sha yi masa dariya a kan lafazinsa tun a sansanin masu hidimar ƙasa, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa gajeriyar amsa ita ce mafita. Idan ba mu fuskanci wannan ba, duk nasihar da za a yi masa cewa ya buɗe baki ba za ta yi amfani ba.

Baban Khalil, Kano

Malama, na karɓi wannan, kuma ina ganin abubuwan biyu suna tafiya tare. Amma bari in faɗi abin da na sani daga cikin ɗakin, don ya rage wa yara tsoro. Ban taɓa zama a kwamitin da aka rage wa mutum maki saboda lafazinsa na Bahaushe ba. Kowa a ƙasar nan da irin nasa lafazin, har da masu yin tambayar. Abin da ake ragewa a kansa shi ne amsar da ba ta da komai a cikinta. Idan aka ce ka ba da misalin wata matsala da ka warware, mai amsa da Turanci mai santsi yana cewa shi mutum ne mai ƙwazo da son aiki tare da jama'a bai faɗi komai ba. Wanda ya ce, cikin Turancinsa mai sauƙi, a shagon kawunsa a Kantin Kwari ana yawan samun saɓani tsakanin kayan da ke rubuce da waɗanda ke cikin sito, shi ya zauna ya shigar da komai a Excel, ya sa ana ƙirga kaya duk ranar Alhamis, har saɓanin ya ragu, wannan ya ba mu halin da aka shiga, da abin da shi kansa ya yi, da sakamakon da aka samu. Shi zai ɗauki makin.

Wannan ya kawo ni ga ƙanena na Funtuwa. Ban ɗora maka laifin ɓarnar da wasu suka yi ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake cewa shi ne, ranar da ƙofar gaskiya ta buɗe, ko da sau ɗaya ne a shekara, kada a same ka ba ka shirya ba. Kuma mu daina raina aikin da muka yi a kasuwa ko a gona ko a makarantar Islamiyya. Da yawa suna barin shekara biyu ko uku babu komai a takardar tarihin karatu da aikinsu, wato CV, saboda a ganinsu zaman shago ba aiki ba ne, alhali a can suka koyi lissafi, da bin bashi, da haƙuri da abokin ciniki.

Maman Ilham, Maiduguri

Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a nan Borno, kuma ina so in ƙara abin da ya shafi mata, domin namu nauyin ninki biyu ne. An tarbiyyantar da mu a kan kada mu ɗaga murya, kada mu kalli namiji ido cikin ido, sannan mu shiga ɗaki mu tarar da maza huɗu suna jiran mu yi bayanin kanmu. Shawarar da nake ba ƙannena mata ita ce, ba dole sai kin zuba wa mutum ido ba, amma ki ɗaga kanki, ki fuskanci wanda ya yi tambayar, ki yi magana yadda na ƙarshen teburi zai ji ki. Idan ba kya musafaha da maza, ki ɗora hannu a ƙirji ki yi gaisuwa da fara'a tun kafin a miƙo miki hannu, a wuce wurin ba tare da kowa ya ji kunya ba. Ban ga inda hijabi ya hana wadda ta san aikinta samun aiki a ɓangarenmu ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne tambayoyin da ake yi wa mace ba a yi wa namiji. A wani wuri da na taɓa nema, kafin a tambaye ni komai a kan aikin sai da aka tambaye ni ko mijina ya amince, da ko ina da niyyar sake haihuwa nan kusa. Dokar Ƙwadago ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, saboda haka haihuwa ba laifi ba ce da za a tuhumi mutum a kanta. Amsar da na ga tana aiki ita ce a mayar da maganar kan aikin cikin ladabi: na karanta sharuɗɗan aikin, har da tafiye-tafiyen da ke cikinsa, kuma na shirya musu. Ina roƙon irin su Baban Khalil da ke zama a kwamiti su riƙa tsawatarwa idan abokan aikinsu suka kauce.

Sannan a sani cewa tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin USAID a farkon 2025, ƙungiyoyi da dama sun rage ma'aikata, kuma mutane masu gogewar shekaru sun dawo layin nema tare da sababbin masu digiri. Gasar ta ƙara zafi, shi ya sa shiri ya ƙara zama dole.

Ɗan Damagaram

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. A wajenmu a Nijar aikin gwamnati ta hanyar gasar jarrabawa ake shiga, kamfanoni da ƙungiyoyi kuma sukan bi ta ANPE, wato hukumar bunƙasa samar da aikin yi ta ƙasa, wajen tallata gurabe. Abin da Malama ta faɗa game da Turanci haka yake a wurinmu da Faransanci, yaro ya iya rubutu amma baki ya ƙi buɗewa. Abu ɗaya da na ga yana taimakon matasanmu shi ne zaman koyon aiki na 'yan watanni a ofis ko kamfani, ko da alawus ɗin bai taka kara ya karya ba, domin wanda ya yi shi yana shiga intabiyu da labarin aikin da zai bayar, kuma yana da wanda zai tsaya masa shaida.

Injiniya, Abuja

Ina aikin rubuta manhaja, kuma ina so in amsa wa Ɗan Funtuwa a kan dalilin da ya sa ake cike fom ba a jin komai, domin ba kullum ne hannun mutum ke ciki ba. Manyan kamfanoni da shafukan neman aiki irin su Jobberman da LinkedIn suna karɓar takardu masu yawan da babu mai iya karanta su duka, saboda haka manhaja ce ke fara tacewa. Tana duba ko kalmomin da ke cikin tallar aikin sun bayyana a takardarka, da shekarun gogewa, da matakin digiri. Wanda ya ɗauki hoton CV da waya ya tura, manhajar ba za ta iya karanta rubutun yadda ya kamata ba. Wanda kuma yake tura takarda iri ɗaya ga banki da makaranta da kamfanin siminti, da wuya ta dace da ko ɗaya. A karanta talla da kyau, a gyara takardar ta amsa abin da aka nema, a bar ta shafi ɗaya ko biyu, a cire addini da ƙabila da sunan unguwa idan ba a tambaya ba, a kuma buɗe imel mai ɗauke da sunan mutum na gaskiya. Wani abin da ke kayar da mutanenmu a matakin tantance takardu shi ne bambancin suna: Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a digiri, Mamman a katin NIN, ko ranar haihuwa ta bambanta. A gyara wannan tun kafin a fara nema, domin gyaran yana cin lokaci.

Ba ina cewa manhajar adala ce ba. A 2018 an ruwaito cewa kamfanin Amazon ya yi watsi da wata manhajar tace masu neman aiki da ya gina, bayan an gano tana rage wa mata maki saboda ta koya daga tsofaffin takardun da yawancinsu na maza ne. Amma tunda da ita ake aiki, gara a san halinta.

Game da intabiyu ta Zoom ko Google Meet, wadda ta zama ruwan dare tun annobar korona a 2020, a cika waya da caji, a tanadi layi na biyu, a nemi ɗaki mai haske da shiru, a jingina wayar a kan wani abu daidai fuska maimakon riƙe ta a hannu, a kuma gwada komai tun kafin lokaci. Sannan duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko na horo, ko na gwajin lafiya a asusun wani mutum kafin a ba ka aiki, ɗan damfara ne, ko da ya turo takarda mai tambarin hukuma.

Ɗan Funtuwa

Na gode wa kowa, musamman Baba Alhaji da ya yarda cewa ɓarnar gaskiya ce. Har yanzu ina kan ra'ayina cewa babbar matsalar ƙarancin aikin ne da rashin adalci wajen rabonsa. Hukumar Ƙididdiga ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020, sannan a 2023 ta sauya ma'auni, aka wayi gari ya koma kashi 4.1, saboda yanzu wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ana lissafa shi cikin masu aiki. Mu da ke zaune a gida mun san alƙalami ne ya sauya, halinmu yana nan.

Duk da haka ina da tambaya ta gaske. Sai yanzu ne wani kamfanin sarrafa shinkafa ya kira ni ganawa mako mai zuwa a kan aikin kula da sito. Tun da na gama hidimar ƙasa ina taimakon yayana ne a harkar hatsi, muna saye a kasuwannin ƙauye muna kaiwa kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano. Ban rubuta wannan a takardata ba. Idan aka tambaye ni abin da nake yi tun daga lokacin, me zan ce? Idan kuma aka tambaye ni nawa nake so a biya ni, gaskiya nauyin wannan tambayar nake ji fiye da kowace.

Baban Khalil, Kano

Ƙanena, abin da ka ɓoye shi ne babban makaminka. Kamfanin shinkafa yana neman wanda ya san awo, ya san bambancin busasshen hatsi da mai danshi, ya san yadda ake jera buhuna a kan katako don kada su taɓa ƙasa, ya san dabarun direbobi da masu lodi, ya kuma san yadda buhu ke ɓacewa tsakanin mota da sito. Ka zauna yau ka rubuta abubuwa uku da suka taɓa faruwa a harkar nan waɗanda kai ka warware, kowanne da adadin buhu ko kuɗin da abin ya shafa, gwargwadon abin da ka tabbatar. Ka maimaita su da baki da Turanci a gaban wani har su zauna maka. Idan kana ba da labarin, ka bambanta abin da kuka yi tare da abin da kai ka yi, domin yaranmu sun saba cewa mun yi, mun yi, har kwamiti ya kasa gane rawar da mutum ya taka. Ka kuma gyara takardar ka tafi da sabuwa a hannu.

Maganar albashi kuwa, kada ka ce duk abin da aka ba ka Allah ya yi albarka, domin za a rubuta mafi ƙanƙanta. Ka bincika wurin masu irin wannan aikin a garin ka ji abin da ake biya, ka lissafa kuɗin mota da abinci da haya, sannan ka faɗi tsakanin kaza da kaza, ka ƙara da cewa a shirye kake a tattauna. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun Yulin 2024 naira 70,000 ne, masu hidimar ƙasa kuma yanzu 77,000 suke karɓa, saboda haka kana da ma'aunin da za ka fara da shi. Ka tambaya ko adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire.

Alhaji Mai Ritaya, Kaduna

Ina ƙara masa abu biyu. Na farko, idan Allah ya sa an dace, kada murna ta sa ka fara aiki da baki kawai. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika, kuma dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Na ga mutanen da suka yi shekaru a kamfani ba su da ko takarda ɗaya, ranar da aka sallame su ba su da abin da za su nuna a Kotun Ma'aikata. Ka kuma tambayi tsawon lokacin gwaji, da ko kamfanin ne ya ɗauke ka kai tsaye ko ta hannun ɗan kwangila, domin hakkokin sun bambanta.

Na biyu, waɗanda za ka rubuta a matsayin masu tsaya maka, ka zaɓi wanda ya ga aikinka da idonsa, kamar shugaban makarantar da ka yi hidima ko dillalin da kuke hulɗa da shi a Dawanau, ya fi maka wani babban mutum da idan aka kira shi ba zai tuna sunanka ba. Ka kuma sanar da su tun da wuri cewa za a iya kiransu.

Malama Ummu Hanan, Gusau

Tunda an yarda cewa maimaitawa da baki tana cikin maganin, ina ba da shawarar mu mayar da ita aiki a wannan zaure. Ni zan ɗauki nauyin sauraron duk mai son gwada amsoshinsa da Turanci, in gyara masa inda ma'ana ta ɓace, ba tare da na taɓa lafazinsa ba. Idan Baban Khalil da Maman Ilham za su zauna a matsayin kwamiti, sai mu riƙa yin gwajin intabiyu ta bidiyo, mata su sami Maman Ilham idan sun fi sakewa da ita.

Baban Khalil, Kano

Na amince, kuma mu fara da Ɗan Funtuwa tunda nasa ya matso. Asabar bayan sallar isha'i ta yi mini, idan ta yi wa sauran. Ƙanena, ka turo mini takardarka da tallar aikin ta saƙon sirri kafin Juma'a. Sauran masu so su rubuta sunansu a ƙasa tare da irin aikin da suke nema, amma kada kowa ya saka lambar NIN ko hoton takardun makarantarsa a cikin zauren. Injiniya, idan da hali ka duba mana tsarin takardun kafin ranar, don mu san waɗanda manhaja za ta iya karantawa.